Tsatsa a jikin bindigar gado

Tambaya: Malam, na gaji bindigar farauta mai baki biyu daga mahaifina, amma damina ta bar tsatsa a ƙarfenta. Yaya zan gyara ta a gida? Daga wani mai karatu a Tahoua.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka fara tabbatar da babu harsashi a cikinta, ka cire katakon, ka shafe ƙarfen da man keken ɗinki ya kwana, sannan ka goge a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, domin samfefa tana kankare baƙin rufin da ke kare shi. Kada wuta ta kusance ta, saboda galibi da dalma ake haɗa bututun biyu. Idan ka leƙa ciki ka ga ramuka, don Allah kada ka harba ta sai gwani ya duba.