Janye Takunkumi Daban, Buɗe Iyaka Daban

Ka tambaye ni, ɗana, in an ji a rediyo an janye takunkumi, me zai hana mu ce wa mai kaya ya yi lodi washegari. Zauna ka ji, don a nan ne masu fiton kaya suke jawo wa bayin Allah asara.

Ɗauki abin da ya faru tsakaninmu da Nijar. Sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta rufe iyakoki, ta tsayar da ciniki, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki a farkon Agusta. Madogararsu yarjejeniyar 2001 ce kan dimokuraɗiyya, wadda ƙasashen suka amince da ita. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 shugabanni suka zauna a Abuja suka janye takunkumin tattalin arziki, suka bar na siyasa.

To amma makullin shingen Illela ko na Jibiya ba a hannun ƙungiya yake ba. Kowace ƙasa sai ta mayar da shawarar ta zama umarni ga jami'anta. Tinubu bai ba da nasa ba sai 13 ga Maris, Nijar kuwa sai 22 ga wata ta buɗe nata ɓangaren. Kusan wata guda ke nan! Wanda ya loda albasa tun ranar farko, ka san yadda za ta ƙare a zafin bazara: ruwa na ɗiga ta ƙasan mota, ƙudaje sun rufe tamfol, direba na cin kuɗin kwana. Ina jin zafin wannan ƙwarai, domin yawancinsu jarin bashi ne. Dubi gadar Gaya da Malanbil ma, Benin ta buɗe, Nijar ta ci gaba da rufe nata gefen. Janye takunkumi ba ya tilasta wa maƙwabci buɗe ƙofarsa.

Saboda haka kafin ka ce a yi lodi, je ofishin kwastam da ƙafarka ka tambaya ko takardar umarni ta iso daga hedkwata. In sun ce ba su gani ba, magana ta ƙare. Kira abokin aikinmu na Ƙonni ka ji ko duwan, wato kwastam ɗin can, sun fara karɓar takardu. Ka kuma bincika ko banki ya koma tura kuɗi, don shi yakan yi jinkiri. Mota ta farko kuma ta zama ta kayan da ba sa lalacewa.