Me Zan Ci a Tsohon Shagon Kofi na Japan?

Tambaya daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: Zan raka maigidana Tokyo, ina marmarin shiga kissaten, shagunan kofi irin na zamanin Showa, wato lokacin mulkin Sarki Hirohito na Japan. Me zan ci?

Amsa: Hajiya, ki kula da nama. Naporitan, taliyarsu mai kecap da albasa, galibi da sosej ɗin alade take zuwa, hambagu kuwa, wato soyayyen curin niƙaƙƙen nama, akan cakuɗa naman shanu da na alade. Omuraisu soyayyiyar shinkafa ce a lulluɓe da lallausan ƙwai, sai dai kazar cikinta ba lallai yankan Musulmi ba ce. Ki nemi a yi miki "niku nashi", wato ban da nama, ko ki tsaya ga burodi da ƙwai. Ki riƙe tsabar kuɗi, da yawansu ba sa karɓar kati.