Gonar Jingina da Dokar Shekara ta Hamsin

Tambaya: Mahaifina ya ba wani maƙwabcinmu rancen kuɗi, shi kuma ya jinginar masa da gonarsa. Mun daɗe muna nomanta, yanzu dukansu biyu sun rasu ba a biya bashin ba. 'Ya'yan mai gonar suna neman a mayar musu, alhali ba su da kuɗin fansa, fastonmu kuwa ya karanta mana Littafin Firistoci sura 25, ya ce mu mayar. Shin wannan doka ta Isra'ilawa ta hau kanmu mu Kirista na yau? Daga wani mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Ɗan'uwa, a matsayinta na dokar ƙasa ba ta hau kanka ba. An ba da ita ne ga al'ummar da aka raba wa ƙasar Kan'ana kabila kabila, domin kada gādon wani gida ya salwanta har abada. Shi ya sa ta ce a shekara ta hamsin a busa ƙaho, kowa ya koma ga gādonsa. Taron manzanni a Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 15, bai ɗora wa masu bi daga sauran al'ummai wannan ba.

Sai dai hujjar da dokar ta tsaya a kai ba ta tsufa ba. Aya ta 23 a Littafin Firistoci sura 25 ta ce kada a sayar da ƙasa har abada, domin ta Ubangiji ce, mutane kuwa baƙi ne a cikinta. Daga nan wani lissafi ya fito wanda, a ganina, shi ne ya fi shafar maganarka. Ayoyi 15 da 16 sun nuna cewa abin da mai saye ya biya kuɗinsa shi ne yawan girbin da ya rage kafin shekara ta hamsin, saboda haka idan mai gona ya zo fansa, sai a cire shekarun da aka riga aka ci amfaninta, ya biya ragowar kawai. A al'adarmu ta jingina kuwa, wanda ya ba da rance yana cin amfanin gona kowace damina, bashin yana nan yadda yake. Ka zauna ka ƙiyasta hatsin da gidanku ya kwasa a gonar nan, ka cire kuɗin taki da na ƙwadago, ka gwada da abin da mahaifinka ya bayar. Idan amfanin ya zarce rancen, to an riga an biya ku.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan da wasa ba. Nehemiya, a sura 5, ya tsawata wa manyan Yahuda waɗanda suka riƙe gonakin 'yan'uwansu a lokacin yunwa, ya sa suka rantse za su mayar. Yesu kuma, a majami'ar Nazarat, ya karanta daga Ishaya a kan shelar 'yanci ga ɗaurarru, ya ce a ranar nassin ya cika. Wanda ya gaskata cewa an fanshe shi kyauta zai yi wuya ya kafa hujja da cewa babu ayar da ta tilasta masa.

Duk da haka gonar ba a hannunka kai kaɗai take ba, domin akwai sauran magada, ba kuma daidai ba ne a tilasta musu daga kan bagade. Ka tara su, ku yi lissafin tare, sannan ku gayyaci 'ya'yan mai gonar a gaban dattawan ikilisiya da mai unguwa. Idan har akwai ragowar bashi, dokar ta buɗe ƙofa ga dangi na kusa ya fansa, kamar yadda Bo'aza ya yi da gonar danginsa Elimelek a Littafin Rut, ko kuma ku yarda 'ya'yan mai gonar su riƙa biya kaɗan kaɗan bayan kowane girbi. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta shi da sa hannun shaidu, kowane gida ya riƙe takardarsa.