Jan da ke gefen yanka: warkewa ce ko ciwon ya ruru?

Kin tambaya kan yankan da ƙarfe ya yi miki a ƙwauri kwana 5 da suka wuce, gefensa ya yi ja, yana ƙaiƙayi, ɓawo kuma ya fara fitowa.

Yawanci wannan aikin jiki ne. Da zarar fata ta tsage, jini kan daskare cikin 'yan mintoci ya toshe wurin. Daga nan fararen ƙwayoyin jini su taru su cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, shi ya sa wurin ke ɗumi da ɗan kumburi a kwanakin farko. Daga kwana na 4 zuwa mako 3 sabon nama ja ke cike ramin daga ƙasa, fata kuma ta riƙa rarrafowa daga gefe. Ƙaiƙayin daga nan yake. Tabon kan ɗauki shekara yana ƙarfi, amma da wuya ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

Ki wanke da ruwa mai tsabta, ki shafa Vaseline kaɗan, ki rufe da bandeji, ki sauya kullum. Don Allah kada ki riƙa zuba barasar asibiti a cikin ciwon, tana kashe sabon naman da ke tsirowa. Kada ki ɓanɓare ɓawon.

Ki zagaye jan da biro yau. In gobe ya tsallake layin, ko ruwan ciwo mai wari ya fito, ko zazzaɓi ya kama ki, ki ga likita ranar nan. Mai ciwon suga kada ya jira ko kwana ɗaya. Tunda ƙarfe ne, in allurar tetanas ɗinki ta wuce shekara 5, ki sake.