Me ake nema a tsofaffin taragun jirgin ƙasa?

Malam, ka tambaya me ya sa mutane ke zuba maƙudan kuɗi su hau tsohon tarago alhali ga jirgin sama. Ai ba sauri suke nema ba.

Dubi kamfanin jirgin ƙasa na Rovos Rail a Afirka ta Kudu, wanda Rohan Vos ya kafa a 1989. Tsofaffin taragu aka sayo aka gyara, bangon ciki duk katako mai sheƙi. Pretoria zuwa Cape Town kusan kilomita 1,600 ne, kwanaki ake yi a hanya. Taragon ƙarshe yana da baranda a buɗe, kana zaune iska na kaɗa ka, busassun filayen yankin Karoo na wucewa sannu a hankali. Wallahi wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai dai kada ka yanki tikitin komawa gida da zai tashi a ranar isowarka, jirgin ƙasa yakan makara. Ka tambaya ko akwai abincin halal tun wurin biyan kuɗi. Batun biza kuwa, tuntuɓi ofishin jakadancin Afirka ta Kudu.