Ga ɗan'uwan da ke tambayar haya a Abuja

Ɗan'uwa, da na ga tambayarka, wai an mayar da kai Abuja da albashin dubu 150, ga mata ga yaro, ko za ka iya kama haya, sai da gabana ya faɗi. Haka ni ma na zo garin nan.

Cikin gari dai cire shi a ranka. Wuse da Garki da Gwarimpa ba na irinmu ba ne. Mu sai Mararaba, ko Masaka, ko Suleja. Ni a Mararaba na kama ciki da falo, dubu 400 a shekara, kuma a dunƙule ake biya. Ga la'adar dillali kashi 10, ga kuɗin lauya, ga na ajiya wai ko za ka ɓata musu gida. Har yau ko sisi ba a dawo min da shi ba.

Amma mai gidan nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Bayan an cire tallafin mai a 2023 ya aiko cewa haya ta koma dubu 700. Lokacin maiɗakina na jego, ko suna ba a yi ba. Na same shi har gida na durƙusa, na ce Alhaji a ɗaga min wata biyu in kwashi adashi. Ko kallona bai yi ba. Washegari ina wurin aiki ya turo dillali da wasu maza su duba gida, suka kutsa har uwar ɗaka, tana zaune da jinjiri a cinya. Ta kira ni tana kuka. Wallahi ranar a masallacin ofis na zauna, na kasa miƙewa. Mai gidan nan fa mutum ne da muke sahu ɗaya da shi kullum asuba!

Ka lissafa kuɗin mota tun kafin ka biya, don shi ke cinye albashi a ɓoye, ga cunkoson Nyanya, a hanyar shiga Abuja daga Mararaba da Masaka, da zai sa ka fita tun duku-duku. Ka tambayi maƙwabta batun ruwa, mu a wurin 'yan garuwa muke saya. Kar ka ba dillali ko kwabo sai ka ga mai gidan ido da ido, ka karɓi rasit. Kuma don Allah ka bar iyali a gida tukuna, ku haɗa ɗaki da abokin aiki, ka shiga adashi daga albashin farko.

Ni yanzu ɗaki guda nake a Masaka. Maiɗakina na mayar da ita Zariya wurin iyayenta, sai ƙarshen wata nake zuwa ganinsu.