Karayar Ƙashi a Tsofaffi: Ƙaruwa Take Yi Ko Raguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 72 ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, kuma ƙawayenta biyu sun karye a wuyan hannu a bana. Shin karaya ce ta yawaita a tsofaffin yanzu, ko mu ne muka fara lura? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne.

Yawan masu karyewa ya ƙaru, wannan babu tantama. Babban binciken cututtuka na duniya ya ƙiyasta sabbin karaya miliyan 178 a shekarar 2019, ƙarin kusan kashi 33 cikin ɗari a kan na 1990. Sai dai da aka auna da yawan jama'a da shekarunsu, sai aka ga haɗarin da ke kan mutum ɗaya ya ɗan ragu, da kusan kashi 10 cikin ɗari. Wato tsofaffin ne suka yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050.

Labarin Amurka ya fi ba ni darasi. Daga 1995 karayar ƙugu ta yi ta raguwa a tsofaffinsu, lokacin da aka fara ba da maganin ƙarfafa ƙashi mai suna alendronate, ana gwajin ƙarfin ƙashi, shan taba kuma yana ja baya. Wajen 2013 sai raguwar ta tsaya, a daidai lokacin da gwajin da shan maganin suka yi ƙasa. Ni a ganina wannan ya isa hujja cewa karayar tsufa aba ce da ake iya ragewa. Ƙasashen Denmak, Nowe da Suwidin na cikin waɗanda abin ya fi ƙamari, amma ana hasashen kusan rabin karayar ƙugu ta duniya a Asiya za ta kasance nan da 2050.

A wajenmu lissafi bai cika ba, domin da yawa wajen mai ɗori ake kai su, ba sa shiga rajistar asibiti. Kuma nan ne hankalina yake tashi. Karayar ƙugu ba ta ɗoruwa da kara da tsumma, tiyata take buƙata cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsohuwar da aka kwantar wata uku a ɗaki, gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa ne ke cin ta. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan mutum 1 cikin 4 ko 5 yana rasuwa cikin shekara guda bayan irin wannan karaya. Don haka asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, ko asibitin koyarwa mafi kusa, can ne wurin zuwa.

Mata sun fi shiga haɗari, saboda bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana zaizayewa da sauri, ba tare da wani ciwo ba. Mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura 50 za su gamu da karaya sanadiyyar zaizayewar ƙashi. Ƙwayoyin ƙiba masu ɗauke da dexamethasone, waɗanda wasu mata ke sha ba bisa umarnin likita ba, suna ƙara cinye ƙashin.

Game da Mama, wanda ya karye sau ɗaya daga ɗan zamewa ya fi kusa da karaya ta biyu, musamman a shekara biyun farko. Ki roƙi likitanta ya duba ƙarfin ƙashinta ya ga ko tana buƙatar magani, da kalsiyam da bitamin D. A duba idonta, a duba magungunan hawan jini idan suna sa ta jiri. A shimfiɗa abin hana santsi a kan tayil ɗin banɗaki, a kafa mata ƙarfen dafawa, a ajiye kujera a wurin alwala, a kuma bar fitila kunne a hanyar da take bi da asuba. Ƙawayen nata biyu ma ki gaya musu su je a duba su.